Baturiyar da Kyankyasai Suka Ci

Oga Abdulganiyu, mai shagon zanen fuskoki a unguwar Ogba, ɗalibi ɗaya yake ɗauka a shekara. Ya miƙa wa Mastura, mai neman gurbin bana, hoton wata Baturiya da aka zana shekaru ɗari biyar da suka wuce. Ya ce ta kwaikwaye shi a kan katako irin yadda mutanen da ke yi, a kwaɓa garin launi da gwaiduwar ƙwai. Mako biyu ya ba ta. In aikin bai yi ba, akwai masu jira.

Fasassun ƙwai ta sayo, don sun fi araha. Ga damina, ɗakinsu na Agege kullum a jiƙe, launi ya ƙi bushewa. Kumatun suka ƙi fita, ta yi ta labta musu launi. Kwana huɗu ɗaki ya ɗau ƙarni. Kwana bakwai ƙudaje suka tare.

Gwaggo Kalsum, wadda suke ɗaki ɗaya, ta toshe hanci da bakin zani.

"Ke Mastura, gawa kike ajiye mana? Ƙwan da mutum zai soya ya ci, kin bi kin shafe wa Baturiya a fuska! Cusa ta ƙarƙashin gado, kar in ƙara haɗa ido da ita."

Safiyar ranar kai aiki Mastura ta jawo katakon. Kyankyasai suka watse, ɗaya ya bi ta hannunta. Sun cinye kumatu da leɓe har katako ya fito, sun bar kashinsu baƙi-baƙi a wuyan matar. Sai idanu biyu kawai ke kallonta. Ta fita bakin kwata ta yi amai.

Duk da haka ta naɗe shi a buhu ta hau danfo, ƙaramar bas ta haya. Kwandasta ya tambaye ta da Yarbanci me ya mutu. Ta tura buhun ƙarƙashin kujera.

Oga ya fitar da katakon waje kafin ya duba, yana riƙe da shi nesa da jiki.

"Inda suka ci, nan kika labta. Wa ya yi miki idanun?"

"Ni ce, Oga."

"Shafa nawa?"

"Ban ƙirga ba. Kaɗan-kaɗan nake bi."

Ya ƙara kallonsu, ya tofar da yawu.

"Ki fara zuwa Litinin, ƙarfe takwas. Wannan kuma kar ya wuni a layina."

Ta wurga shi a bola ta farko da ta gani, ta nemi mai ruwan leda ta wanke hannu har gwiwa.