Ranar da Aka Buga wa Gwiwar Kawu Iska

Akwai mutumin da idan ka yi masa bayani cikakke, sai ya gutsiri gefe guda ya gudu da shi, kuma gefen nan ne zai kayar da shi. Mai Wanki irin wannan mutum ne.

Sana'arsa wanki da guga a wani kango da ke bayan gidansa, inda ya ja igiyoyi daga katanga zuwa katanga. Cikin masu kawo masa kaya babu kamar otal ɗin bakin titi. Zannuwan gado ne da tawul da rigunan filo, a ɗauko da safe a mayar kafin faɗuwar rana. Wannan aiki shi ke riƙe da gidan. Sauran duk wandunan gwauraye ne da ba su kai su kawo ba.

Shi kuwa ba ya duban sama kafin ya yi shanya, gwiwar Kawu yake tambaya. Kawu yayan mahaifiyarsa ne, tsohon ɗan dako da ya taɓa faɗowa daga kan motar kaya, gwiwarsa ta hagu ta fashe ta haɗe a karkace. Tun daga nan, duk ranar da za a yi ruwa sai ta fara masa zogi tun sama tana fes. Abin kunya, Mai Wanki ya daina gaida kawunsa, gwiwar yake gaisarwa. Da safe sai ya leƙa ɗakin da ke kusa da ƙofar gida ya ce, "Kawu, yaya ta kwana?" In an ce da sauƙi ya yi murna, amma ba don tsohon ba.

Wata rana Malamin Makaranta, maƙwabcinsu, ya zo karɓar rigunansa, Mai Wanki ya tambaye shi ko gwiwar nan tana da aljanu. Malamin ya ce babu ko ɗaya. Ya zauna a kan baho da aka kife ya yi masa bayani a tsanake. Ya ce iskar da ke kanmu tana da nauyi, tana danne kowa da komai, ba ma ji ne don mun saba. Idan rana ta gasa ƙasa, iskar wurin ta yi zafi, sai ta yi sauƙi ta tashi sama, nauyinta ya ragu. Iska mai danshi daga inda nauyin ya fi yawa sai ta kwararo ta cike gurbin, ita ma ta hau, ta yi sanyi a can sama, danshinta ya dunƙule ya zama hadari. Idan kuwa iska mai sanyi da nauyi ce ta sauko ta zauna, sama sai ta washe. Game da gwiwa, ya ce ana zaton idan nauyin ya ragu, tsohon rauni yakan ɗan saki ya kumbura, shi ya sa yake ciwo.

Mai Wanki ya gyaɗa kai kamar ya fahimta. Abu biyu kawai ya ɗauka: nauyi da sanyi suna hana ruwa, kuma abin a gwiwa yake.

A farkon damina ruwa ya jinkirta masa kaya, Manajan otal ya kira shi ya ce baƙo ba ya kwana a kan uzuri, a kan zanen gado yake kwana. Bayan haka aka yi wani taro a gari, otal ya cika, aka tara masa kaya har sai da baro ya yi sawu da yawa. Manaja ya tsaya a bakin ƙofa ya faɗa masa ƙiri-ƙiri cewa idan zannuwan ba su dawo a bushe da yamma ba, masu wankin inji za a ba aikin, kuma ba za a dawo da shi ba.

Ranar kuwa Kawu ya tashi yana nishi. Ya ce gwiwar kamar ana buga mata ƙusa, rabon da ta yi haka tun shekarar da ruwa ya kayar da katangar baya. Gari ya yi zafi mai ɗaure numfashi, ko ganye ba ya motsi.

Matar Mai Wanki ta ba shi shawarar da kowace mai hankali za ta bayar. Ta ce kafintan da ke maƙwabtaka da su ya yi tafiya, rumfarsa ta kwano tana nan babu kowa, a roƙi matarsa a ja igiya a ciki, abin da bai bushe ba a ƙarasa da dutsen guga, ita ma za ta kama. Ya dube ta ya ce wannan dabarar marasa ilimi ce. Shi ba zai guje wa ruwa ba, hana shi zai yi.

Ya tafi bakin titi ya samo Mai Faci, wani gajere mai baƙaƙen hannuwa da bai taɓa cewa a'a ga aiki ba. Da farko niyyarsa a toshe ɗakin Kawu da tsumma a cika shi da iska ta taga. Mai Faci ya zagaya ɗakin yana taɓa bango, ya ce wannan ɗaki ya fi tsohuwar taya huji, sai a kwana ana bugawa bai riƙe ba. Ya kawo tasa dabarar: robar cikin tayar baro. A zura ƙafar a ciki har gwiwa, a buga iska, ta matse wurin da ake so.

Kawu yana zaune a bakin gado yana kallonsu. Da ya ga robar ya janye ƙafa.

"Kai, ɗan nan, ni uwarka ke cewa Yaya. Yau ni za a yi wa faci?"

"Ba faci ba ne, Kawu, magani ne. Malam ne ya faɗa."

"Malamin ya ce a sa ni a taya?"

"Bai faɗi taya ba, amma can maganar ta dosa."

Mai Faci ya ce wa tsohon ya kwantar da hankalinsa, shi bai taɓa fasa tayar kowa ba sai wadda dama ajalinta ya yi. Aka turo injin iska har ƙofar ɗaki, aka tayar da shi, kajin gida suka watse. Robar ta kumbura ta kama gwiwar kam. Mai Faci ya ɗan buga ta da yatsa, ya saurara, ya ce da saura, ya ƙara. Mai Wanki kuma ya kawo ƙanƙara daga shagon mai sayar da ruwan sanyi, ya jera ta sama da ƙasan robar ya ɗaure da tawul ɗin otal, don kada a bar sanyi a baya.

Kawu ya yi zagi, ya yi roƙo, ya kira sunan marigayiya ƙanwarsa ta zo ta ga abin da ta haifa. Daga baya ya gaji ya jingina da bango. Mai Wanki ya durƙusa a gabansa, abin da bai yi ba shekara da shekaru, ya tambaye shi yaya take yanzu.

"Ba na jin komai," in ji Kawu. "Ko ƙafar ma ba na ji."

Gaskiya ya faɗa. Ƙafar ta yi sanyi ta mutu, jini ya daina kai mata yadda ya kamata. Amma Mai Wanki ya miƙe yana dariya, ya ce shi ke nan, an gama da ruwan yau. Ya baza zannuwan gaba ɗaya a kango, igiya bayan igiya, har da kan katanga. Matarsa ta shiga ɗakin a bayan idonsa ta sassauta iskar, ta kwance ƙanƙarar, ta zauna tana murza ƙafar tsohon da man zafi har yatsun suka fara motsi.

Sama ba ta san an yi wannan aiki ba. Bayan azahar wata iska mai sanyi ta taso daga gabas, ta fara kaɗa zannuwan. Mai Wanki ya ce ai ga shi nan, sanyi ya zo, nauyi ya zauna. Hadari ya haɗu baƙi ƙirin a bayan gidajen bene, ya ce wannan na wata unguwa ne, su can ba su yi komai a kai ba. Ɗigon farko ya sauka a kan hancinsa, ya ce tsuntsu ne.

Sai ruwa ya tsuge. Iska ta tsinke igiya biyu, zannuwa suka faɗi cikin taɓo, wani ya tashi ya naɗe a wayar lantarki. Mai Wanki yana gudu yana kwasa yana ihu a sake tayar da inji. Mai Faci kuwa ya riga ya rufe injinsa da leda ya fake a rumfar kafinta, inda ko ɗigo bai taɓa shi ba.

Da yamma Mai Wanki ya tura baro zuwa otal da kaya jagab, masu launin ƙasa. Manaja bai ɗaga murya ba. Ya sa aka loda su a motar masu wankin inji da ke tsaye a harabar, ya ce masa ya gaida gida.

A hanyar dawowa ya ci karo da Malamin Makaranta riƙe da lema. Malamin ya ji labari ya riƙe baki, ya ce shi nauyin iskar gari gaba ɗaya ya faɗa, daga ƙasa har can sama, ba na gwiwa ɗaya ba. Gwiwa labari take bayarwa, ba ita ke kiran ruwa ba. Mai Wanki ya ce ya ji, amma shi a ganinsa da an bar robar da iskarta har la'asar, da ba haka ba. Ya shiga gida yana neman wanda ya sassauta ta.

Washegari da safe ya leƙa ɗakin Kawu, don ko wandunan gwauraye ma suna son rana. Tsohon yana zaune ya lulluɓe ƙafarsa da bargo, fuskarsa a yamutse, gumi yana tsattsafo masa a goshi. Mai Wanki ya tambaya yaya ta kwana.

"Lafiya lau," in ji Kawu. "Daga yau kullum lafiya lau take. Je ka yi shanyarka."