Libarba Biyu a Kan Tebur Ɗaya

A unguwarmu ta Herstal, bayan garin Liège, kowane gida da abin da yake ƙerawa na libarba, wato ƙaramar bindiga mai juya harsashi. Wani gida kunamar harbi, wani bututu, ni kuwa goge ƙarfen nake yi har ya yi ƙyalli. Masu sarrafa bindigar su saya su haɗa, sai an gama sannan kowa ya buga sunansa. To yaya ba za su yi kama ba?

Amma kada ka faɗa wa Baba Toussaint, ɗaya daga cikin masu haɗawar, haka. Tun ina yarinya ba ya gaisawa da maƙwabcinsa Remacle, abokin sana'arsa, wai ya sace masa fasali. Kullum cika baki yake, ko cikin dubu aka jefa tasa zai zaro ta. Ga shi idon ya fara tafiya, kowa ya sani, ba mai faɗa.

Ran nan kowannensu ya aiko min da guda ɗaya, babu suna. Mijina ya zo neman wurin ajiye tukunyar dankali, ya kwashe su daga kwandunansu ya zube waje ɗaya. Da rana tsaka suka zo karɓa, maƙwabta suka cika ƙofa don kallo. Na san in Baba Toussaint ya ɗauki ta wani, ba zai ƙara ɗaga kai a layin nan ba.

Ya daɗe yana shafa su, ya ɗana wannan, ya saurari waccan. Can ya ɗaga guda, ya shiga yabo: laushin kunama, zaman ƙota a hannu, aikin da sai gwani. Ya tura ɗayar da ɗan yatsa.

"Ɗauki tarkacenka, maƙwabci. Da wannan ko kaza ba za ta tsorata ba."

Remacle ya ɗauka, ya ce ai kuwa tasa ce. Aka watse ana dariya.

Da aka fita, Remacle ya tsaya yana juya bindigar a hannu. Na ce ya yi haƙuri da bakin tsoho. Sai ya nuna min kan ƙusar ƙotar, ya ce shi bai taɓa barin ƙusa a karkace haka ba.

"Tasa ce wannan, 'yata. Tun muna samari nake jira ya yabi aikina. Yau ya yaba a gaban kowa, kuma gobe zai buga sunansa a kai."