Shuɗin Fensir a Gefen Takarda

Nagumo Isao ya yi shekara ashirin da shida yana zana wa Malam Okonogi gidaje. Malam ne mai labarin zanen da ke fita kowane mako a mujalla, kuma fuskokin mutane kawai yake zanawa. Titi da gada da jiragen kamun kifi da igiyoyin lantarki, duk hannun Nagumo ne. Haka sana'ar take, sunan mutum ɗaya ke hawa bangon littafi, kuma Nagumo bai taɓa ƙorafi ba. Da labarin ya ƙare, ya buɗe shagon yi wa hotuna firam a unguwar Nerima ta Tokyo, ya ci gaba da gaishe da Malam kowace sabuwar shekara.

Bara ne ya daina. Jarida ta yi hira da Malam, aka tambaye shi garin bakin tekun da ke cikin labarin. Ya ce garin ƙuruciyarsa ne, daga kansa ya zana shi, babu hannun da ya taɓa garin nan sai nasa. Shagon kifin da ke bakin gada kuwa, ya ce na kakarsa ne.

Shagon uban Nagumo ne, a garinsu na bakin teku a yankin Shimane. An rushe shi tuntuni, ko hotonsa babu. A takardun nan kaɗai ya rage. Okonogi ɗan Tokyo ne, ɗan likitan haƙori, bai san kifi ba sai a faranti. Nagumo ya yanke hirar ya ajiye a aljihun tebur, bai gaya wa kowa komai ba.

Wata safiya cikin kaka wata budurwa ta shigo shagon da akwatin kwali a rungume. Ta ajiye, ta rusuna, ta miƙa katinta da hannu biyu. Mizusawa Kanae, mai zane.

"Baba, Malam Okonogi ne ya aiko ni. Ya ce a kai wa Nagu, shi ba ya musu."

"Haka ya ce?"

"Da bakinsa." Ta ɗora ƙunshin alewar wake a kan tebur. "Mu goma sha ɗaya ne, duk masu zane, a kan littattafansa muka taso. Kowa zai zana garin nan da salonsa, mu rataya kusa da ainihin shafukan Malam a wurin baje koli. Ni shagon kifin na ɗauka. Tun ina firamare nake kwaikwayon rufinsa, har yau ban iya ba."

"Kwanon rufin na uku a karkace yake."

Ta zaro ido. "Kai ma ka lura?"

"Guguwa ce ta karkata shi," in ji Nagumo. "Ajiye akwatin can."

Shafi talatin ne a ciki, da gajeriyar wasiƙa daga Malam. Ba gaisuwa. A sa su a firam, a yi kwalin gefe mai faɗi, ya rufe bakin takardar duka, zanen kaɗai za a gani.

Nagumo ya san dalili. A wancan zamani da shuɗin fensir ake rubuta umarni a gefen shafi, domin injin maɗaba'a ba ya ganin shuɗi. Tawada baƙa ce kawai ke fita. Saboda haka ba wanda ke wahalar gogewa. Ya ɗaga shafin farko zuwa hasken taga, ga rubutun Malam nan, a kishingiɗe kamar yadda ya saba.

"Nagu, tashar jirgi a nan. Yadda take a garinku."

Na gaba: "Nagu, shagon babanka. Sa kifi da yawa."

Na gaba: "Nagu, wane irin kifi ake shanyawa a kan igiya? Zana kawai, ni ban sani ba."

Ya karanta talatin ɗin a tsaye. Shayinsa na sha'ir ya huce. A shafi na sha tara, wanda teku ta cika shi ranar da jirage suka dawo, rubutun daban ne. "Nagu, duk ƙasar nan ba mai zana ruwa kamarka. Na gode." Ya tuna ranar. Har Malam ya saya masa taliya da kifin maciji a kai. Ya daɗe riƙe da shafin, sannan ya kife shi a gefe.

Kwana tara ya yi yana yanka kwali. Yana auna kowane shafi sau biyu, ya ɗora rula, ya ja wuƙa sau ɗaya. Shafi ashirin da tara ya buɗe musu tagar kwalin har bakin takarda, ya zaɓi kwali fari tas, wanda shuɗi zai fito a jikinsa. Na sha tara kuwa ya yi masa kwali mai faɗi yadda aka umarta, ya rufe godiyar ruf. Ya naɗe duka, ya kai da kansa ranar jajibirin baje kolin da yamma, lokacin da ba halin sakewa.

Washegari ya sa baƙar kwat ɗinsa ta zuwa jana'iza, ita kaɗai gare shi. Ɗakin baje kolin a unguwar Kichijoji yake, hawa na biyu. Ya tarar da mutane sun manne da gilashi suna karatu. Wani mai gemun akuya yana karanta wa abokinsa a hankali, abokin yana toshe baki. Ana ɗaukar hoto da waya.

Kanae ta hango shi ta nufo shi da sauri, fuskarta ja.

"Baba, mun rataya su jiya a gurguje, sai da safen nan na karanta. Ashe Nagun da ya zana garin kai ne."

"Sunana Nagumo."

"Shagon kifin fa?"

"Na ubana. Ɗan uwansa ne ya hau ya gyara rufin, shi ya sa ya ƙara karkacewa."

Ta juya tana kallon zanenta da ke rataye, da ƙaramin rubutun da ta sa a ƙasansa, na godiya ga Malam da kakarsa. Kafin ta ce wani abu, aka fara rusunawa daga bakin ƙofa. Malam Okonogi ya shigo da sanda da hular masu zane, an riƙo masa furanni. Ya bi bango yana murmushi. A firam na biyu murmushin ya tsaya. Ya ci gaba da tafiya a hankali, ɗaya bayan ɗaya, har ya iso inda Nagumo yake.

"Nagu. Ka tsufa."

"Malam ma ya sha miya."

"Karatu ne ya gagare ka? Na rubuta maka mai faɗi."

"Na karanta. Rubutun Malam ai ni na fi kowa iya karanta shi."

Malam ya rage murya. "Shekara ashirin da shida a gidana kake cin shinkafa."

"Na ci. Da ka ce garin naka ne, da na haɗiye. Ubana ka mayar kakarka."

"Maganar jarida ce, kai ma. Wa ke riƙe maganar jarida?"

"Ni."

Malam ya juya ya dubi bango, idonsa ya sauka a kan na sha tara, shi kaɗai mai faɗin kwali a cikin layin. Ya matsa kusa, ya sunkuya kamar zai leƙa ƙarƙashin kwalin. Ya ɗago a hankali.

"Wannan ka rufe. Ka san abin da na rubuta a nan."

"Malam ya ce a rufe, na rufe."

"Buɗe shi, Nagu. Shi kaɗai nake roƙo."

"Na manne shi da kyau. In aka ɓamɓare, takardar za ta yage."

Ba gaskiya ba ne, kuma dukansu sun sani. Malam ya tsaya riƙe da sandarsa da hannu biyu, mutane na ratsawa ta gefensa suna zuwa karanta shuɗin fensir.

Kanae ta cire ƙaramin rubutun da ke ƙasan zanenta, ta juya bayansa, ta zaro biro.

"Baba, sunan mahaifinka?"

"Nagumo Tokuji. Mai kifi."

Ta rubuta, ta nuna masa. Ya duba harafi ɗaya bayan ɗaya, ya gyara mata na ƙarshe da yatsa. Da ta liƙa a bango, ya ɗauki lemarsa ya sauka matakala, bai yi wa Malam sallama ba.