Zo In Aike Ka

Ƙanena Auta ya dawo gida ranar wata Talata, bayan shekara biyu da wata uku. Shekararsa goma sha ɗaya lokacin da masu bindiga suka tare motar makarantarsu, suka kwashe yara tara. Shi kaɗai aka samo. Wata ma'aikaciyar cibiyar da ke karɓar irin waɗannan yara ce ta kawo shi. Ta zauna a ɗakin ɗinkin Baba, ta ce za a yi gwajin wata uku: in ya zauna lafiya, shi ke nan, in kuwa aka sami matsala ko guda ɗaya, za su mayar da shi cibiya.

"Ɗan nawa za a gwada min?" in ji Mama. Baba ya yi mata ido.

Baba ya ɗinka masa sabuwar riga da tsohon awo, hannun rigar bai ko kai wuyan hannunsa ba. Haka ya sa ta. A tsaye yake cin abinci, bayansa a jingine da bango.

Kwana huɗu da dawowarsa ina wanki sabulu ya ƙare. Na ce, "Auta, zo in aike ka."

Ya miƙe zumbur, hannuwansa a manne da cinyoyinsa. Ya ce, "Wa?"

Na yi dariya. "Wa kuma? Sarkin shirme, 'ina' ake cewa. Shagon bakin titi, sabulu za ka sayo."

Ya daɗe yana kallona. Sai ya sulale ya zauna a kan siminti, gumi na tsattsafo masa a goshi. Na bar wankin na zauna kusa da shi, ba kusa sosai ba.

"Yaya," ya ce, "a can in Kwamanda ya ce zai aike ka, sunan mutum yake faɗa. Ka je, ka dawo ka ce an isar."

Sai na gane aiken kisa yake nufi. Na ce, "In ba ka isar ba fa?"

"Sai a aiki wani wurinka."

Na tambaye shi sau nawa aka aike shi. Ya ɗauki littafina da ke kan kujera, ya ce labarin me ke ciki.

Ya kamata a ce na gaya wa Mama a ranar. Na sani yanzu. Amma duk lokacin da na buɗe baki sai in tuna da ma'aikaciyar nan da maganarta ta matsala guda ɗaya. Don haka na zama 'yar aiken gidanmu. Kafin Mama ta ce allura, na sa takalmi. Kafin Baba ya nemi zare, ina bakin ƙofa.

"Ikon Allah," in ji Mama, "ke da sai an kira ki sau uku kafin ki ɗaga kai daga takarda? Ko wani kika gani a bakin titin?"

Na ce motsa ƙafa nake so. Mako shida ina tare kalmar nan tun kafin ta fito daga bakin kowa.

Akwai mai gyaran rediyo a tsallaken titinmu. Ɗansa na cikin yara taran nan. Tun da Auta ya dawo mutumin ya daina amsa gaisuwar Baba, rediyonmu kuma ya yi wata biyu a shagonsa, kullum sai ya ce gobe.

Ran nan ina bayan ɗaki ina shanya, da hantsi, na ji muryar Mama a fusace.

"Auta! Zo in aike ka wurin mutumin nan mai gyaran rediyo. Na gaji da shi, wallahi na gaji!"

Kafin in zagayo ya fita. Mama na tsaye da baki buɗe, tana cewa yaron nan bai ma tsaya ya ji saƙon ba. Daga ɗakin ɗinki Baba ya ɗaga murya. "Wa ya ɗauke min babban almakashi?"

Ko takalmi ban sa ba. Na same shi a ƙofar shagon, almakashin a manne da cinyarsa. Mai gyaran rediyo na sunkuye a kan tebur, hayaƙin dalma na tashi gabansa. Ya ɗago.

"Me kake so? Ɗana ka kawo min?"

Auta ya ƙara taku ɗaya. Na riƙe wuyan hannunsa, daidai inda rigar ta gaza.

"Rediyo, Auta. Rediyonmu za ka karɓo. Rediyo kawai."

Almakashin ya faɗi a kan siminti. Mai faci ya ji, mai shago ya ji, matan da ke layin famfo duk suka juyo. Mai gyaran rediyo ya kalli almakashin, ya kalli Auta, ya laluba aljihunsa ya ciro waya.

Auta ya matso da bakinsa kusa da kunnena.

"Yaya, ki gaya wa Mama na kasa. In za ta aiko wani wurina, don Allah ke ki zo."

Motar cibiya ta iso bayan azahar. Mama sai tambayar kowa take, "Me na ce masa? Ni me na ce?" A tsakar gida, gaban ma'aikaciyar, na faɗi abin da na ɓoye mako shida. Ma'aikaciyar ta ce da sun sani tun farko, da sun san yadda za su yi. Baba bai dube ni ba. Ya shiga ɗaki ya ɗauko zaren awo, ya auna hannun Auta ta tagar mota kafin ta tashi.

Jiya sabulu ya ƙare. Mama ta tsaya a kaina ina karatu, ta buɗe baki, ta rufe. Sai ta ɗauki gyalenta ta fita da kanta.