Kiɗan Zuhal a Walimar Hoji Toshpulat

Doniyor na kokawar cusa sifika ta biyu a bayan motar haya, mahaifiyarsa ta leƙo ta taga.

"Ka ɗaure gashin nan. Walima za ka, ba asibitin mahaukata ba."

"Oyi," ya ce, yadda ake kiran uwa a wajensu, "na dai yarda zan je. Kada a ƙaro mini wani sharaɗin."

Mahaifinsa, Ergash, yana zaune a gaban mota, an naɗe masa wuya da mayafin ulu. Shi ne mawaƙin unguwarsu a tsohon garin Tashkent tun kafin a haifi Doniyor. Duk wanda zai aurar da ɗa, sai ya kira maza cin shinkafar asuba, kuma Ergash ne ke zama a gefe yana rera musu waƙoƙin gargajiya. Jiya ya sha ruwan ƙanƙara a wani biki, yau ya tashi murya ta tafi yawo. Ga shi kuma mai walimar ba ƙaramin mutum ba ne: Hoji Toshpulat, alhaji kuma shugaban kwamitin unguwa, wanda ke aurar da ɗansa. Idan aka bar masa dandamali wayam, daga yau wani mawaƙin zai gaje unguwar.

Shi kuwa Doniyor ya sha rantsuwa ba zai taɓa kiɗan biki ba. Shi da abokinsa Bahrom suna da ƙungiya mai suna Zoben Zuhal, suna yin kiɗan Turawa na rok irin na sararin samaniya, wanda waƙa ɗaya kan kai tsawon huɗubar Juma'a ba a furta kalma ko guda ba. A intanet suna da masoya a Jamus da Brazil. A unguwa kuwa, maƙwabta sun taɓa kiran mai gyaran wuta, sun zaci taransifoma ce ke shirin fashewa.

"Dada, ku sani fa," in ji Doniyor ga mahaifin nasa yana zama a baya, "nawa kiɗan zan yi. Ban iya naku ba."

Ergash ya buɗe baki, iska ce kawai ta fito. Ya ɗaga hannu sama, alamar an bar wa Allah.

Zauren ya cika da ɗaruruwan maza masu ƙananan huluna. Samari sun yi layi suna miƙa farantan shinkafa hannu zuwa hannu, ƙamshin karas da kitsen rago ya game ko'ina. Liman ya yi addu'a, aka shafa. Hoji Toshpulat, farin gemu har ƙirji, ya dubi gashin Doniyor, ya dubi tarin wayoyin da ke ƙasa, sannan ya dubi Ergash.

"Ergash, mene ne wannan? Kiɗa za a yi ko walda?"

Ergash ya nuna maƙogwaronsa, ya dafa ƙirji.

Bahrom ya ɗora yatsu a kan fiyanon lantarki ya danne, ya ƙi ɗagawa. Wani gurnani mai nauyi ya taso daga ƙasa har kofunan shayi suka soma rawa. Doniyor ya rufe ido, ya taka akwatin amo, gitarsa ta yi wani kuka mai tsawo da ke tafiya yana dawowa. A ransa ya riga ya bar duniya, ya wuce wata.

Da ya buɗe ido, babu mai ci. Wani tsoho mai suna Norkul ya miƙe da kyar a kan sandarsa, shinkafa a gemu.

"Jama'a, wa ya mutu?"

"Zauna, Norkul-ota," in ji wani, yana kiransa baba da yarensu, "babu wanda ya mutu."

"Ƙarya ne! A zamanin Sobiyet, duk ranar da rediyo ta saki irin wannan, wani babba ne ya tafi a Mosko. Ku duba wayoyinku!"

Nan take wayoyi suka fito. Wani ya ce ai tun jiya ya ga motocin 'yan sanda sun yi yawa. Wani ya ce bari ya kira matarsa ta saye gari da mai kafin kasuwa ta ji. Na kusa da ƙofa sun fara neman takalmansu. Ango ya tsaya riƙe da buta kamar an dasa shi.

Hoji Toshpulat ya nufo dandamali, gemu na karkarwa. Yatsun Doniyor kuwa, don tsoro, suka ci gaba da maimaita ɗan zagayen nan da ya gina waƙar a kansa, wanda ya sha gaya wa Bahrom cewa a mafarki ya zo masa.

Sai Ergash ya karkata kai yana sauraro. Ya kwance mayafin wuyansa, ya jawo bandirinsa daga jaka, ya shiga bugawa da sauri, ninki biyu na tafiyar Doniyor. Dole yaron ya bi shi.

Hoji ya tsaya cak a tsakiyar zaure.

"Kai!" wani ya yi ihu daga baya. "Wannan ai waƙar da ake yi da a kulob ɗin ma'aikatan masaƙa ce!"

"Wallahi ita ce! Ta su Ergash masu gashi!"

Doniyor ya dubi mahaifinsa. Su Ergash masu gashi? Mutumin da kansa ke ƙyalli kamar kankana?

Hoji ya ƙaraso. Bai ko kalli Doniyor ba, Bahrom ya tsaya wa a ka.

"Ɗan wa ne kai? Haka ake danna ta, kamar mai kashe kuɗin cizo? Matsa."

Ya miƙa wa Bahrom casbaha ya riƙe masa, ya naɗe hannun riga. Yatsun nan masu kauri suka bi ta kan fiyanon kamar ɓera a rumbu, ya murɗa wani maɓalli da Bahrom bai taɓa sanin amfaninsa ba, sautin ya yi wani shuuu ya tashi sama ya rinƙa juyi a rufin zauren. Tsofaffi suka ɗauki tafi. Norkul ya manta da mamacinsa, ya ɗaga sanda yana kaɗa kafaɗa. Liman ya sunkuyar da kai yana kallon farantinsa, amma ƙafarsa a ƙarƙashin tebur ba ta ji wa'azi ba.

Al'adar shinkafar asuba ita ce a ci, a shafa, a tashi a ba wasu wuri. Ranar babu wanda ya tashi. Baƙi suka taru a waje, mai dafa abinci ya leƙo da ludayi yana zagi. Doniyor ya yi ƙoƙarin shigar da kukan gitarsa sau biyu, Hoji ya galla masa harara, ya koma riƙe zagayen kawai.

Da aka gama, yana naɗe wayoyi, Norkul ya zo ya zauna a kan sifikarsa yana haki.

"Uban naka bai gaya maka ba? Su huɗu ne har da Hoji, wanduna kamar buhu, gashi har kafaɗa. Wani direban jirgin ƙasa ke kawo musu faifan Turawa a ɓoye, su saurara, su gauraya da waƙar kakanninsu. Wannan da ka yi, asalinta ta masu tsinkar auduga ce, kakata ma tana yi. Sai da 'yan jam'iyya suka aske su a gaban ma'aikata kafin suka natsu."

"Ni na ƙirƙire ta, ota," in ji Doniyor a hankali.

"To, sannu da ƙoƙari." Tsohon ya dafa kafaɗarsa. "Ka iya, ba laifi. Amma ku yaran yanzu ba ku da wani sabon abu ne? Kullum sai namu na tsofaffi?"

Ergash na tsaye a gefe yana shan shayi mai zafi. Doniyor ya matsa kusa.

"Dada, me ya sa ba ku taɓa faɗa ba?"

Ergash ya jawo kunnensa kusa da bakinsa, ya yi raɗa da ɗan abin da ya rage na murya. "Da ita nake lallashinka kana jariri. Ba ka yin barci sai da ita."

Hoji Toshpulat ya dawo daga sallamar baƙi, ya karɓi casbaharsa, fuskar ta koma ta shugaban kwamiti. Ya duba hagu da dama, ya rage murya.

"Ergash, Rustam mai ganga yana nan da rai, a Chirchik yake wajen 'yarsa. Mu haɗu ranar Alhamis bayan la'asar. An ce yaron nan naka yana da garejin da suke kiɗa."

Ergash ya gyaɗa kai.

"Kai kuma," Hoji ya juyo ga Doniyor, "ka bar mana kayan a haɗe. In kana so ka zauna ka koya, ba mu hana ba." Ya ƙare masa kallo daga sama har ƙasa. "Amma ka fara biyawa ta wajen wanzami. Mu mutanen mutunci ne."