Rediyon Safiyo a Ɗakin Ɗinki

Kwali biyu, kowanne da lasifika uku a ciki. Doguwar igiyar wuta. Sukudireba. Maganin hawan jinin Baba. Baƙin zare na Inna, wanda ta ce idan ba a samo ba kada a dawo mata gida.

Kayan da ke kujerar baya ke nan lokacin da cunkoso ya tsayar da Auta a kan gada. Ta waiga ta ga kwalayen ba su zame ba, ta mayar da ido kan titi.

Mai shagon ya san ta, domin ofishinsu na zanen gine-gine a wurinsa yake sayen kaya. Ya ce ta kai gida ta gwada duka biyun, wanda bai yi mata ba ta dawo da shi ƙarshen mako. Na farin kwali sabon yayi ne: da waya ake sarrafa shi, daga intanet yake ɗauko tashoshi, kuma kowane ɗaki zai ji abin da yake so. Na baƙin kwali tsohon samfuri ne, mai nauyi, da maɓallin murɗawa a ka da ɗan rami a baya. Sautin da aka zura wa ɗaya ta ramin nan shi sauran za su maimaita ba tare da an haɗa su da igiya ba, daga nan ba su san komai ba.

A ranta ta riga ta zaɓi farin. Shekarun da ta yi tana karatu a waje, a kan yadda sauti ke ratsa gini ta yi su, kuma a gidajen da ko tarin maƙwabci ba a ji ta zauna. Tun da ta dawo ba ta yi barcin rana ba.

Tun daga bakin ƙofa ta jiyo dalili. Gidansu dogo ne kamar jirgin ƙasa: ɗakin Baba a gaba, sai falo, sai ɗakin Yaya da matarsa da jaririyarsu, sai nata, sai kicin, can ƙarshe kuma ɗakin da Inna take ɗinki. Baranda ɗaya ce ta haɗa su, kuma rediyon Baba ta mallake ta daga farko har ƙarshe. Baba tsohon safiyo ne, mai awon filaye. Kunnensa na hagu ya mutu, na dama yana kan hanya, shi ya sa yake ƙure murya. Ba ya kuma barin tasha ta gama magana. Da ya ji abin da bai yi masa ba sai ya ce, “Ƙarya!” ya murɗa. Haka ake yini.

Yaya ya tare ta a baranda da jaririya a kafaɗa, idonsa jawur.

“Kin kawo?”

“Na kawo.”

“Allah ya yi miki albarka. Yarinyar nan ba ta san uwarta ba, muryar mai karanta labarai ta sani.”

Baba na kishingiɗe, rediyon a kan cikinsa, tsohuwa ce da aka ɗaure murfin batirinta da roba. Ya dubi kwalin ta saman tabarau.

“Baturiya, me kuma aka ƙirƙiro?”

Ta matsa kusa da kunnensa na dama. “Lasifika ce, Baba. Zan ajiye ta a nan kusa da kanka. Za ka ji tar, ba sai unguwa ta taya ka ji ba.”

“Unguwa ta kawo ƙara ne?”

“Jikarka ce ta kawo.”

“Wannan da ko haƙori ba ta da shi?” Ya yi dariya, ya miƙa mata rediyon kamar mai ba da aron takalmi. “Gwada mu gani.”

Farin ta fara haɗawa. Ɗaya a kan durowar gefen gadon Baba, daidai kunnen da ke aiki, ɗaya a ɗakin Yaya, ɗaya a kan tagar ɗakin ɗinki. Ta zaɓa wa Baba tashar labarai a wayarta. Muryar ta fito garau, ba shuuu, ba ƙara, kamar mutumin yana zaune a bakin gado. Matar Yaya ta zaɓi waƙoƙi masu sanyi. Inna ba ta ɗago daga keke ba, ta ce a sa mata ko mene ne. Auta ta tsaya a tsakiyar baranda ta kasa kunne. Famfon kicin na ɗiga. Ba ta taɓa sanin yana ɗiga ba.

Kashegari da ta taso daga aiki, shiru ya tare ta tun daga ƙofa, har ta ji daɗi. Sai ta ga Inna ta fito daga ɗakin Baba riƙe da kofin shayi da ba a taɓa ba, tana jan ƙafar nan tata mai ciwon gwiwa. Auta ta gaishe ta, ta shiga ta canja kaya. Tana fitowa ta sake ganin Inna a baranda, ta nufi gaba.

“Inna, ina zuwa?”

“Almakashina nake nema.”

Almakashin na rataye a wuyanta da igiya, inda yake kullum.

Muryar Baba ta fito daga ɗaki. “Tela, wai lafiya? Yau kin mayar da ɗakina kasuwa. Shayi, ruwa, almakashi. Gobe me za ki zo nema, allura?”

“Gidana ne, in shiga inda na ga dama.”

“To ki zo da kekenki ki tare gaba ɗaya!”

Matar Yaya ta ja Auta kicin. “Tun safe haka suke. Ba ta zauna ba. Matar da ta kawo ɗinkin rigunan makaranta ta zo ta koma, ko ɗaya ba a haɗa ba.”

“Shi fa?”

“Shi ma dai. Yana ta ce wa akwatin ‘ƙarya’, yana lalube ya rasa abin murɗawa. Da na nuna masa a waya sai ya ce yatsansa ba na shafa gilashi ba ne.”

Auta ta sami Inna a ɗakin ɗinki, zaune a gaban keke, ƙafarta ba ta kan feda. Yadin makaranta shuɗi a yanke, an jera shi a kan tebur. Lasifikar taga a kashe.

“Ba ki son tashar ne? In canja miki?”

“Bar shi.”

“In sautin ne ya yi kaifi, ana rage shi.”

“Na ce bar shi.” Inna ta dubi baranda. “Turo ƙofar.”

Auta ta tura.

“Ke kina tsammani labarai nake ji duk shekarun nan? Ni ina ruwana da abin da aka yi a majalisa. Hannunsa nake ji.”

Auta ta zauna a kan buhun ƙyalle.

“In yana murɗawa, na san yana zaune garau, yana faɗa da duniya. In ta tsaya tana shuuu, barci ne ya ɗauke shi, hannu ya zame. In ya kashe, ya tashi shan magani ko ya zagaya, in na gama hannun riga bai kunna ba sai in leƙa. Bara da ya faɗi, kina can. Ƙwallo aka sa. Babanki da ƙwallo! Na ji mai sharhi yana ta ihu, ba wanda ya murɗe masa wuya. Na ajiye ɗinki na tafi. A ƙasa na same shi, tsakanin gado da bango.”

“A waya ce mini aka yi ruwa kika kai masa kika tarar da shi.”

“Haka shi ma ya sani. Kuma a haka za a bar shi.” Inna ta ɗaga yatsa. “Mutumin da likita ya ba shi ƙararrawa ya danna in ya ji jiri, ya wurga ta ta taga, ya ce shi ba akuya ba ne da za a rataya masa abu. Ranar da ya gane gadinsa nake yi, ranar zai daina kunna rediyo. Wannan abin naki kuwa, ko mutum ya mutu a gabansa karatunsa zai ci gaba da yi.”

Auta ta juya wajen taga. Ta dubi lasifikar, fara sumul, ba abin kamawa a jikinta.

“Kuma kada Yayanki ya ji,” in ji Inna. “Bakinsa rariya ne.”

Da yamma, kafin a zuba abinci, Auta ta buɗe baƙin kwali. Ta ɗauko rediyon Baba daga saman kabad inda aka jingine ta, ta juya ta. A gefe akwai ramin abin saƙalawa a kunne, ƙura ta toshe shi. Ta sa tsinke ta share, ta nemo gajeriyar waya a cikin kwalin, ta zura kai ɗaya a rediyo, ɗaya a bayan baƙar lasifikar. Rediyon ta yi gum, muryar ta koma cikin akwatin da ke kusa da kunnen Baba. Ta murɗa maɓallin kansa har sautin ya tsaya a iya ɗakin.

“Ga kayanka, Baba.”

Ya karɓa ya ɗora a ciki. Wani yana bayani a kan farashin mai.

“Ƙarya!” in ji Baba, ya murɗa.

Auta ta ɗauki lasifika ta biyu ta bi baranda. Shiru, sai famfo. A ɗakin ɗinki ta sauke farar daga taga ta ɗora baƙar, ta jona wuta, ta jira ƙaramar fitilar ta daina ƙiftawa. Sai ga shuuu, ga gutsuren waƙa, ga shuuu, ga wata mata tana hasashen ruwan sama. Ta rage har ya zama kamar ana hira a ɗaki na gaba.

Inna ta karkata kai. Matar ruwan sama ba ta kai ƙarshen jimla ba aka murɗe ta.

“Ba ya son wannan,” in ji Inna. “Wai kullum sai ta ce watakila.”

Ta jawo yadi ta sa a ƙarƙashin allura. Keke ya tashi.

Ba a daɗe ba Baba ya taho wanke hannu, yana dafa bango. A ƙofar ɗakin ɗinki ya tsaya cak. Tashar da ya bari a ɗakinsa ce ke magana a kan taga.

“Baturiya, wannan ba rediyona ba ce?”

Keke ya tsaya. Inna ba ta waiwayo ba.

“Ita ce, Baba. Wannan samfurin haka yake, abin da na gaba ya ji shi na baya zai ji. Na ce in kashe mata, ta ce in bari.”

Baba ya dubi bayan matarsa, bakinsa ya fara motsi.

“Tela! Shekara da shekaru kina cewa na cika miki kunne. Ashe ɗalibata ce ke ban sani ba.”

“Ƙarar keke nake toshewa da ita.”

“Faɗi gaskiya dai. Gobe akwai shirin noma, ki zo da takarda.”

“Wuce ka wanke hannu, abinci na hucewa.”

Ya wuce yana dariya shi kaɗai.

Yaya ne bai yi dariya ba. Ranar da za a mayar da kaya ya tarar da Auta a falo tana naɗe fararen lasifikun a ledarsu, ya tsaya a kanta.

“Wai da gaske kike? Jiya na kunna ta ɗakinmu, shuuu kawai nake ji da rabin labari. Matata ta rasa waƙoƙinta.”

“Akwai maɓalli a kai. Ka kashe.”

“To amfanin me? An sayi abu don a kashe?”

“Jaririya ta yi barci?”

“Ta yi, amma da farin ma ta yi. Ke da kika ƙetare teku kika karanto sauti, ki rasa abin zaɓa sai wanda ke tafe da hayaniyar tsohuwar rediyo? Mai shagon ma dariya zai yi miki.”

“Zai yi.”

Ta rungumi kwalin ta fita, ya biyo ta har mota yana lissafa mata abubuwan da farin ke yi: agogon tashi, tashoshin duniya, waƙa daban a kowane ɗaki. Duk gaskiya ne, ita ma ta so su. Ta buɗe ƙofar baya ta zura kwalin a kan kujera, ta ja bel ta ɗaure shi. Daga can ƙarshen gida ana jiyo keken Inna, yana gudu, yana tsayawa, yana gudu.

“Aƙalla ki ba ni dalili ɗaya,” in ji Yaya.

Ta rufe ƙofar.

“Farin zai koma. Baƙin muka saya.”