Kuɗin Ruwa

Da hantsi Inna ta ji labarin. Tana zaune a bakin ƙofar ɗakinta tana tsintar wake, rediyo na jingine da ƙafar kujera. Wani mutum ne daga Babban Banki yake magana a tsanake, da murya irin ta likitan da ya saba gaya wa mutane abin da ba su son ji. Ya ce sun ga yadda farashin kaya ke gudu a kasuwa, sun san talaka na shan wuya, kuma sai da suka yi dogon zama kafin su yanke shawara. Daga nan ya ce an ƙara kuɗin ruwa.

Inna ta ajiye farantin. Ta dubi famfon tsakar gida yana ɗiga a cikin bokiti. Ba ta san abin da ya haɗa banki da famfo ba, amma a zamanin nan komai ma haɗa shi ake yi.

Tun rasuwar mijinta take zaune a gidan ɗanta Auta, wanda kafinta ne. Gidan haya ne ƙarami. Ɗakin da aka ba ta, da can nan yake ajiye katako da gwangwanayen fenti, har yanzu in rana ta yi zafi bangon yakan tashi da warinsu. Da akwati ɗaya ta zo, sai ɗan itacen lemun tsami a cikin tsohon baho, wanda marigayi ya shuka da hannunsa a shekarar da ya kwanta ciwo. Matar Auta ba ta taɓa ɗaure mata fuska ba. Inna na kiranta Uwar Ɗakina don tsokana, ita kuwa ta amsa da dariya tana tura tsohon cikinta gaba.

Da yamma Auta ya dawo da garin katako a gashinsa. Ya ci loma kaɗan ya ture kwano, ya shige ɗaki. Bangon gidan ba shi da kauri, Inna ta ji yana cewa wannan kuɗin ruwan da aka ƙara shi zai karya shi. Matar ta ce ya rage murya, kada Inna ta ji.

Kalmar ƙarshen nan ce ta tsaya mata a ƙirji. In ba ita ce matsalar ba, don me za a ɓoye mata? Ta yi ta dubawa a ranta: wankanta safe da yamma, wankin zannuwanta, ga lemun da ke shan bokiti guda kamar raƙumi. Babbar 'yarta ta sha cewa ta koma wurinta, amma can da nisa, gidan bene ne cike da yara, babu inda za a ajiye itace. Kuma Inna tana so a haifi jikan nan a hannunta. Sai ta ƙudura za ta rage nata ruwan har gidan ya daina jin nauyinta. In hakan bai isa ba, ta tafi da ƙafarta tun kafin kunya ta hana yaron faɗa.

Washegari ta naɗe bakin famfo da tsumma. Wanka ya koma sau ɗaya da rabin bokiti, tana tsaye a cikin baho don ta tara abin da ya zuba ta ba lemu. Ta ƙwace wanke-wanke daga hannun surukarta, wai mai ciki ba ta sunkuyo, ta riƙa ɗauraye kwanuka da ɗan ruwan da ko kaza ba zai jiƙa ba. Uwar Ɗaki ta ce to, an yi wa famfo sabon mai gadi, sai a yanka masa albashi. Inna ta ce albashinta jika ne, kuma kada a biya ta a makare.

Amma lemun bai karɓi ruwan sabulu ba. Ganyensa ya fara rawaya, yana naɗewa. Inna ta tsaya a kansa ta daɗe tana kallo, kamar marigayi ne ya yi mata shiru. Daga ranar, kofin da ake kawo mata tare da abinci sai ta kurɓi kaɗan, in ido ya kau ta juye sauran a gindin itacen. Maganin hawan jininta ma da miyau take haɗiye shi. Leɓenta ya tsage, kanta ya riƙa sara. Da ta ga fuskar Auta ba ta sake ba duk da haka, sai ta ninke kayanta ta jera a akwati, ta tura shi bayan ƙofa.

Wata rana da azahar ta miƙe daga gindin lemun, sai tsakar gidan ta juya da ita. Ta tsinci kanta zaune a ƙasa, surukarta na tallafe da kanta. Aka kai ta ɗaki da ƙyar. Uwar Ɗaki ta kawo ruwa, Inna ta jiƙa leɓe ta ture kofin. A nan ne idon yarinyar ya faɗa kan akwatin da igiyar rataye kaya da babu komai a kanta. Ta ɗauki waya ta kira mijinta.

Auta ya shigo da fensir maƙale a kunne, ya durƙusa a gaban gado. Ya tambaya ko wani ne ya ɓata mata rai. Ta ce babu. Ya tambaya ina za ta da akwati. Ta juya fuska bango, sannan a hankali ta ce:

"Na ji mutumin banki a rediyo, na kuma ji ka ta bango. Na rage iya ragewa, Auta. Wanka sau ɗaya nake yi. Sha ma na rage. Lemun ne kawai na kasa hanawa."

Auta ya dube ta, bai gane ba. Matarsa ce ta fara ganewa. Dariya ta kubce mata har ta riƙe ciki ta jingina da ƙofa, can kuma sai dariyar ta koma kuka. Shi bai yi dariya ba. Ya ɗauki hannun uwarsa ya ga yadda fatar ta bushe.

Ya yi mata bayani dalla-dalla. Injin goge katakon da ke shagonsa da rancen banki ya saye shi. Abin da banki ke ɗorawa a kan rance shi ake kira kuɗin ruwa. Mutanen Babban Banki sun ce in rance ya yi tsada, kuɗi za su rage yawo, farashi ya daina gudu. Wataƙila gaskiyarsu ce, in ji shi, shi ma yana so kayan masarufi su tsaya wuri ɗaya. Sai dai kafin maganin ya yi aiki, irinsu ne ke jin ɗacinsa, don masu sayen gado da kujera sun ragu, ga biyan wata ya ƙaru.

"Babu ruwa a ciki?" Inna ta tambaya.

"Ko ɗigo, Inna."

Ta ja mayafi ta rufe fuska. Daga ƙarƙashinsa ta yi ta mita, wai mutane da karatunsu sun rasa sunan da za su ba abu sai ruwa, su bar tsofaffi da ƙishirwa. Da ta buɗe fuskar kuma, idonta ya cika. Ta ce ashe kaya ne ya ɗauka shi kaɗai, ya bar ta tana gadin famfo. Ta tambaya ko za a karɓe injin.

"Ban sani ba tukuna," ya ce. "In ya tafi, magogin hannu na Baba yana nan, da shi na koya. Ke in kin tafi, wurin wa zan dawo da yamma?"

Inna ta tashi zaune. Ta miƙa hannu, surukarta ta sa mata kofin. Ta shanye tas, ta ce a ƙaro. Uwar Ɗaki ta ƙaro, sannan ta jawo akwatin da ƙafa ta fara mayar da zannuwa kan igiya, tana cewa an sallami mai gadi daga aiki, amma ba a ba shi izinin tafiya ba.

Auta ya fita ya kwance tsumman, ya cika bokiti har baki. Ta ƙofa Inna take hangensa yana nufar lemun.

"A hankali," ta ce. "Kada ka kwara masa lokaci ɗaya, ya kwana biyu bai ƙoshi ba."

Ya riƙa zubawa kaɗan-kaɗan, ƙasar tana tsotsewa. Da ya gama sai ta ce masa, duk da haka, ya nemi mai gyara ya duba famfon nan, don ɗigon ya yi yawa.